Abin da Ruwan Magarya Bai Wanke Ba

Shekara ashirin da shida ina wankan gawa
a bayan masallacinmu na Rijiyar Dorawa.
Na san jikin da zazzaɓi ya cinye,
na san wanda gulbin Rima ya riƙe kwana biyu ya saki,
na san na tsohon da ya gaji ya kwanta.
Irin jikin Lawali ban taɓa gani ba.

Takarda ta ce ciwon ciki.
Ban yi boko ba, amma ina karanta fata:
zobe biyu a wuyan hannu, rubutun igiya,
kafaɗu sun bar mazauninsu,
tafin ƙafa ya kumbura ya yi baƙi,
a gadon baya kuma shatin dutsen guga,
har da ɗan hancinsa mai tsini.

Sau uku na sa aka sake ɗebo ruwa.
Magarya ta yi kumfa, kafur ya yi ƙamshi,
shatin yana nan.

Injin ban-ruwa aka ce ya ɗauke a fadama.
Ya amsa, i, ya amsa.
Da a daren nan an tambaye shi wa ya sace wata,
da ya ce shi ne.
Ran Alhamis aka ga injin a rumfar mai gyara,
ƙanen mai shi ne ya kai.

An koya mini mai wanka ba shi da baki,
aibin mamaci amana ce.
Na kwana ina juya wannan kamar garwashi a tafi.
Da asuba na ce wa Liman Gado:
Malam, wanga ba aibinai ba ne,
aibin masu rai ne aka aje a jikinai.

Ran Juma'a bai ɗaga murya ba.
Ya ce: ku da ke wasa wuƙa ranar layya,
kuna ɓoye ta kada rago ya gani,
wa ya halatta muku rataye ɗan Adam
kamar cinya a rumfar mahauta?
Ko ɓarawo ne, da alƙali, da shaidu.
Amsar da bulala ta haifa shegiya ce,
ba ta cin gado.
Wasu sun ɗauki takalmansu tun kafin addu'a.

Rifkatu ce ke aikin dare a asibiti,
ita ta yanke rigarsa da almakashi.
Ta kai abin da ta gani majami'arsu ta Mabera,
ta tsaya gaban jama'a, muryarta na rawa,
ta ce: mu da ke tuna wanda aka yi wa bulala,
yaya za mu ce ba mu gane wannan bayan ba?

Litinin muka haɗu ƙarƙashin dogonyaro,
daura da ƙofar ofishin.
Matan zumunta da zanensu iri ɗaya,
mu da buzu da tazbaha.
Ba dutse, ba zagi. Zama kawai.
Da azahar suka matsa mana wuri,
Fasto Ishaku ya tsare mana takalma.
Da suka sunkuyar da kai, muka yi shiru.
Ba mu daidaita kan Lahira ba,
ba mu ma taɓo zancen ba,
ɗakin baya mai ƙugiya a rufi ya ishe mu magana.

Inna Tumba na tsakiya,
riƙe da silifa ɗaya, ita aka maido mata.

Wajen la'asar wani ɗan kurtu ya fito,
yaro ne, gemu bai cika ba.
Ya roƙi ruwa, kofi na kaɗawa a hannunsa.
Bai dube mu ba, ƙasa ya faɗa wa:
akwai sauran biyu a ciki.

Ba a kama kowa ba tukuna.
An ce ana bincike, an ce mu watse.
Liman ya naɗe buzunsa, ya ce sai Litinin.
Fasto ya ce zai zo da tabarmi.

Ni dai na koma ga butata da ganyen magarya.
Likkafani na iya rufe mutum guda,
na auna, na sake aunawa,
bai isa rufe gari ba.